Alawar Tukunya

Ban rubuta wannan don a ce mini sannu ba. Sannu kam na sha ta har ta ishe ni. Wata tara ke nan ana yi mini ita, kuma ba ta taɓa tura loma ɗaya ta wuce maƙogwaron 'yata ba. Na rubuta ne don na san a yanzu haka akwai gidan da aka kai irin tsarabar da aka kawo mana, ana juya ta a hannu ana yaba kyanta.

Sunana Saude. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Zakirai, a babban gida: mijina da ƙannensa biyu, kowa da matarsa, sai mahaifiyarsu, Inna, wadda ita ce mai gidan ko da ba a faɗa ba. 'Ya'yana uku, Zulai ce auta. Lokacin da abin ya faru shekararta uku da 'yan watanni. Yarinya ce mai ci. In ina tuƙa tuwo tana tsugune a gindin murhu tana jiran muciya, kuma ko an ba ta nata sai ta leƙa kwanon yayyenta. Inna ba ta kiranta da komai sai ƙawata mai tumbi.

Ina da ƙanwa, Rabi, tana zaune a Bacirawa, tana aikin girki a gidan wasu masu hali a birni. A gidan nan ba a wanke kwanuka da hannu. Inji gare su mai kama da ƙaramin firji, a jera masa faranti da cokula, a sa masa sabulunsa, a rufe, a danna, a tafi. Injin ya lalace aka rasa mai gyara, sai uwar gidan ta ce da Rabi ta kwashe sauran sabulun kada ya lalace a banza. Ita kuma Rabi ta ga abin arziki, ta haɗa da burodi da lemo ta kawo mana. Kaka ce, an fara yankan gero.

Bari in faɗi kamannin abin, don wanda ya gani ya gane shi. Kowane ɗaya bai wuce girman dabino biyu a haɗe ba, a naɗe cikin wata leda mai laushi da santsi. Ƙasansa farin gari ne a matse, samansa ruwa-ruwa, rabi shuɗi rabi ja, yana ƙamshin lemon tsami. Ni da nake uwar 'ya'ya uku, da na fara ganinsa sai da yawu ya tsinke mini.

A gidanmu duk tsarabar da ta shigo, ɗakin Inna take fara sauka. Ita ke rabawa, kuma ba ta zalunci, wannan kam shaida ce zan yi mata har gaban Allah. Ta raba burodi, ta raba lemo, sannan ta ɗauki robar sabulun. Roba ce mai kauri, murfinta ba ya buɗuwa sai an matse gefe biyu a tare. Inna ta murɗa, ta ja, ta sa haƙori, abu ya ƙi. Da Rabi ta nuna mata yadda ake yi, sai fuskarta ta washe.

"Kai! Wannan ai ko tururuwa ba ta samun ƙofa. Na sami wurin zuba sukari."

Ta jawo faifai ta juye su duka.

Rabi ta ce, "Inna, da an bar su a cikin robarsu. Haka Hajiya take ajiyewa, a can saman kantar ɗakin girki."

"Ke Rabi, sabulu ne fa, ba zinare ba. Mata uku ne a gidan nan, roba ɗaya. In na ba ɗaya, me zan ce wa biyun?"

Rabi baƙuwa ce, kuma a gaban surukar yayarta take. Ta yi murmushi ta yi shiru. Ni ma na yi shiru. Aka kasa uku, kowa ta ƙulle nata a farar leda, irin wadda ake ƙulla alawar madara a ciki. Da na raka Rabi bakin hanya ta ce, "Yaya, ki jefa ɗaya a bokiti ki jiƙa tukwane. Kada ki taɓa da jiƙaƙƙen hannu, ledar narkewa take yi. Kuma don Allah ki ɓoye wa yara." Na ce to, irin to ɗin da ake cewa hankali yana kan miyar dare.

Washegari na gwada. Tukunyar da ta yi shekara da baƙi ta fito fes. Hannuna kuwa ya wuni yana raɗaɗi, kwana biyu fatar tsakanin yatsuna ta saɓule. Jiki ya gaya mini, ban ji ba. Dariya ma muka yi a tsakar gida, muna cewa sabulun masu kuɗi ba ya son hannun talaka. Matar ƙanin mijina ta raɗa masa suna alawar tukunya, sunan ya bi shi. Kullum sai ka ji ana cewa, "Wance, ara mini alawar tukunya ɗaya." Zulai tana nan tana jin mu. Nawa na ajiye a kan taga, ina ganin hannunta ba ya kaiwa.

Ranar Laraba da hantsi muna tsinkar gyaɗa a tsakar gida, na ji wani irin tari daga ɗakina, ba kuka ba, tari mai shaƙewa. Na shiga na tarar da ita tsaye a kan kujerar tsugunno a gindin taga. Bakinta shuɗi, yawu yana zuba har ƙirji, rabin abin yana hannunta ya narke. Ta buɗe baki za ta kira ni, murya ta ƙi fita.

Na yi ihu. Inna ce ta fara isowa.

"A kawo manja! Maza, manja!"

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. Yaro ya sha kalanzir, manja. Ya ci maganin ɓera, manja. Aka kawo, Inna ta matse mata kumatu ta ɗura. Sannan ta dube ni.

"Sa mata yatsa, Saude! Fito da shi kafin ya zauna a ciki!"

Na sa. Ni na sa, ba wani ba. Ta yi amai mai kumfa, Inna ta ce bai ƙare ba, na sake. Sau uku. Tana ta fizge-fizge ina danne ta a cinyata, ina ce mata yi haƙuri, yanzu za ki warke. A na ukun na ga jini-jini a yatsana.

Aka kirawo babanta daga gona, ya goya mu a babur zuwa wani kemis a Zakirai. Mai kemis ɗin nan, Allah ya yi masa albarka shi da zuriyarsa. Ya haska bakinta da fitilar waya, ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina. Ko allura ɗaya na yi mata na cuce ku. Ku wuce birni yanzu, kada ku ba ta komai a hanya." Da wani ne, da sai ya ɗaura mata ruwa ya karɓi abin da zai karɓa. Muka sami bas tana jiran cika, baban Zulai ya biya kujerun da suka rage, direba ya tashi.

A babban asibiti aka nuna mana layin kati. Layi ne har bayan baranda. Ina tsaye da yarinya tana numfashi kamar ana jan zarto, mai ba da kati yana cin gyaɗa yana cewa a bi layi. Wata nas ce mai wucewa ta ji numfashin, ta fizge ta daga hannuna ta ruga da ita ciki. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Likitar mace ce, siririya, mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce me ta sha? Na ce sabulun inji. Ta ce wane iri, ina mazubinsa? Muka dubi juna ni da babanta. Sauran sabulun tuni Inna ta sa an tattara na kowa an zuba a masai. Abin da ya rage a duniya shi ne robar nan. Aka buga waya gida, washegari ƙanin mijina ya kawo ta, da ɓurɓushin sukari a gindinta.

Likita ta juya bayan robar ta nuna mini. Hoton yaro ne yana miƙa hannu, an ja masa jan layi. A ƙasa akwai rubutu da Turanci. Na gama sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, don haka kafin ta buɗe baki na riga na karanta. A nisanta shi daga yara. In an haɗiye, kada a sa mutum amai.

"Kun sa ta amai?"

Na gyaɗa kai.

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta cire gilashinta ta goge. "To, ya ƙone ta da shigarsa, ya sake ƙona ta da fitarsa. Manjan kuma wani ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu." Ta ce da mun goge mata baki, mun wanke da ruwa, mun kawo ta nan take tare da robar, da wataƙila abin bai kai haka ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Wannan rubutun ya kwana tara a gidanmu. Yana ɗakin Inna a kan kantar kwanuka, yana gadin sukari, ni da zan iya karanta shi ina can da farar leda a kan taga.

Satin farko ba na son tuna shi. Oksijin a hanci, ƙarin ruwa a hannu, zazzaɓi ba ya sauka. Leɓɓanta suka kumbura suka yi fari, harshenta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, ta nan ake tura madara da sirinji. Kullum da takardar magani sabuwa, kullum a ce babu a kantin asibiti, a je waje. Baban Zulai ya koma gida ya sayar da awakina biyu. Gyaɗar da muke tsinka ranar nan ma aka kai ta kasuwa tun ba ta gama bushewa ba, a lokacin da kowa ke kai tasa, aka saye ta yadda aka ga dama.

Rabi ce ke kawo mini abinci kullum da safe kafin ta wuce aiki, daga Bacirawa, mota biyu. Dangin mijina in sun zo dubiya suka tarar da ita, sai ta gaishe su su amsa da hanci. Na ji wata gwaggonsu tana cewa a baranda, da ƙarfi don in ji, "Tsarabar birni ke nan. Kowa ya tsaya matsayinsa a'a, sai an kwaso abin da ba a san kansa ba." Ba wanda ya ambaci faifai. Ba wanda ya ambaci manja. In an zo kan waɗannan sai a ce ƙaddara ce, bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Abin da ban gane ba shi ne yadda rabon Rabi ya zama laifi, na sauranmu ya zama ƙaddara.

Sati na biyu zazzaɓi ya sauka, aka cire oksijin. Inna ta zo. Ba ta taɓa shiga asibitin birni ba, hayaniyar ta ruɗa ta. Ta tsaya a bakin gadon ta ce, "Ƙawata, ina tumbin?" Zulai ta juya mata baya. Kafin ta tafi ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini kuɗi. Ashe tunkiyarta ta sayar, wadda ta shekara tana kiwo tana cewa ta likkafaninta ce. Na karɓa na yi godiya, kuma godiyar gaskiya ce, don da kuɗin aka sayi allurai na kwana biyar. Amma ina godiya ina so ta ce wani abu game da robar nan. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi.

Sati na uku aka cire robar hanci. Ta sha madara da cokali, ta sha koko, ta ci ayaba. Aka sallame mu. Likita ta tsayar da ni a ƙofa ta ce, "Maman Zulai, kada ku yi murna da wuri. Ƙuna in tana warkewa, tsukewa take yi. Ranar da kika ga abinci yana dawowa, ki dawo da ita, kada ki jira." A gida aka yi waina aka raba sadaka, mata suka cika ɗaki ana barka. Na yi murna, ƙarya ne in ce ban yi ba.

A sati na huɗu tuwo ya fara dawowa. Za ta tauna, ta haɗiye, ta yi shiru tana zare ido, sai ya fito yadda ya shiga. Na ce wataƙila ya yi tauri, na koma yi mata fate. Kwana huɗu fate ya bi sahu. Na koma fura mai ruwa. Na gaya wa babanta abin da likita ta ce, ya sunkuyar da kai. Ga dawa ta isa yanka, ga hannu babu komai. Ya ce in ba shi sati ɗaya a shigar da amfanin gona. Ba mugu ba ne, na sani, dabara ce ta ƙare masa. Amma satin nan da na ba shi yana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu.

A satin ne kowa ya zama likita. Wannan ta ce zuma da man shanu. Waccan ta ce a turara mata hayaƙi, iska ce ta shige ta a asibiti. Aka kawo rubutu, na karɓa da hannu biyu, amma shi ma rubutun ta hanci ya dawo. Ranar da koko ya ƙi wucewa, Inna ta leƙa bakinta ta ce ta gano matsalar.

"Belu ne. Sabulun ya sa ya kumbura ya toshe hanya. A cire shi a huta."

Na ce likita ba ta ce haka ba. Ta ce likita haihuwar yaushe ce?

Washegari da safe na dawo daga famfo da bokiti a ka, na tarar da wanzami a zaure ya shimfiɗa zabirarsa, yana wasa aska. Inna tana riƙe da Zulai a tsakar gida tana lallashinta. Na sauke bokitin, ban ma san ya kife ba. Na ɗauki 'yata na saɓa a baya na ɗaure zane.

"Saude, ina za ki?"

"Asibiti, Inna."

"Da izinin wa? Duk 'ya'yan gidan nan an cire musu belu, har uban nata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi Inna ba. Ranar na dube ta.

"Inna, na bi maganarki sau ɗaya da yatsana. Ba zan bi ta da aska ba."

Na bi ta gaban wanzami na fita, babu ko sisi a jikina, na kama hanya a ƙasa ta cikin gonaki. Ban kai titi ba na ji babur a bayana. Baban Zulai ne. Ya tsaya, na hau. Daga baya na ji babur ɗin ma a birni ya bar shi, a hannun mai saye.

Sati na shida ke nan. Aka ba ta wani farin ruwa mai kauri ta kurɓa, aka ɗauki hoto. Likita ta ɗaga hoton a jikin taga ta nuna mini hanyar abinci, tana saukowa da faɗinta, sai a tsakiyar ƙirji ta tsuke ta koma kamar tsinken tsintsiya. Ta ce da an sa aska a bakin nan, da jinin kaɗai ya isa. Ta ce maganin shi ne a riƙa sa ta barci ana zura wata roba ana buɗa wurin kaɗan kaɗan, yau siririya, wani zuwan wadda ta fi ta. Na ce sau nawa? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ba.

Aka ba mu rana. Ranar ta zo aka ce na'ura ta lalace. Aka ba mu wata, aka ce mai sa barci yana wani aikin gaggawa. An hana yarinya ko ruwa tun asuba, muna zaune a benci har la'asar, sannan wani ya leƙo ya ce a dawo jibi, kamar wanda ke ɗage zaman hira. Kafin a yi buɗawa ta farko, awarwaron da ke hannunta ya zame ya faɗi da kansa. Aka kwantar da mu, aka mayar da robar hanci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin cin abinci a ɗakin marasa lafiya. Za a buɗe kwanuka, ƙamshin miya ya tashi, Zulai ta bi kowace loma da ido daga kwano har baki. Ba ta kuka, kallo kawai. Ni kuwa sai in ɗauki abin da Rabi ta kawo in zaga bayan ɗaki kusa da kwata, in ci a tsaye kamar ɓarauniya, in wanke baki kafin in dawo.

Bayan buɗawa ta uku koko ya wuce. Bayan ta biyar, fura. Muka koma gida, muna zuwa duk sati biyu, daga baya duk wata. Yanzu ta san hanya. Da ta hango bas ɗin Kano sai ta ƙanƙame ni ta fara cewa ta ƙoshi, ba ta jin yunwa, mu koma. Wani zuwan a ce an samu ci gaba, wani zuwan a ce wurin ya sake tsukewa, a koma siririyar robar da aka riga aka wuce. An yi Sallah, yara suna yawo da nama a hannu. Ita ta koyi dabara: ta tauna, ta tsotse daɗin, ta tofar a tafin hannunta ta kawo mini.

Rabi ba ta sake taka ƙauyenmu ba. Na roƙe ta, ta ce ba za ta iya haɗa ido da mutanen gidan ba. A ɗakinta na Bacirawa, inda muke sauka in mun zo asibiti, na sa ta ta gaya mini yadda ake amfani da abin nan a inda aka san shi. Ta ce ɗaya tak ake ɗauka, da busasshen hannu. Ba a ɓare ledar, ba a yanka shi, ba a jiƙa shi. Akwai ɗan aljihu a jikin ƙofar injin, nan ake sa shi a rufe, ruwan zafi ne ke narkar da shi a ciki inda hannu ba ya kaiwa. Sannan a mayar da murfin robar har sai ya yi ƙara, a ɗora ta inda yaro ko ya taka kujera ba zai kai ba. Shi ke nan. An yi shi da ƙarfi ne don inji ba shi da fata.

To ga abin da nake so a ji. Wanda ba shi da injin nan ba shi da abin yi da sabulun nan, ko kyauta aka ba shi ya ce ya gode. Wanda ke da shi, kada ya raba shi da robarsa, murfin nan mai wuyar buɗewa ba don tururuwa aka yi shi ba. Kada a kira shi da sunan abin ci a gaban yara, ko da wasa. In kuma tsautsayi ya faɗa, babu manja, babu yatsa, babu wanzami. A goge baki, a wanke da ruwa, a ɗauki yaro da robar a nufi asibiti. Masu ba wa 'yan aikinsu irin wannan kyauta kuma, ku ji tsoron Allah, ku tambayi kanku gidan da za a kai shi akwai inji ko babu.

Robar tana wurina. Ban mayar wa Inna ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tun ranar wanzami gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na lura ta daina sa sukari a koko, haka take shan sa da tsaminsa, ita da a da sai ta zuba cokali uku. Ina jin haushinta har yanzu, ba zan ɓoye ba. Amma in na dubi yatsana na dama, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Zuwanmu na ƙarshe likita ta ce in gwada mata tuwo, mai laushi sosai, da miya mai yauƙi. Shekaranjiya na tuƙa na masara, ruwa-ruwa, na kaɗa kuɓewa ɗanya. Ban gaya wa kowa ba, amma gidan yawa ba ya ɓoye ƙamshi. Na zaunar da Zulai a tabarma, sai ga Inna ta zo ta tsuguna a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na gutsuri loma kamar ƙwayar gyaɗa, na dulmiya a miya, na kai bakinta.

Ta kauce. Ta dubi lomar, ta dube ni.

"Umma, wannan na ci ne, ko na tukunya?"

Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Na ci ne, ƙawata. Ci abinki. Wancan ni ce na juye shi a faifai, ni ce..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tara ina jiran wannan magana. Na ɗauka ranar da na ji ta wani abu zai sauka daga ƙirjina. Ga ta ta zo, kuma ba ta ƙara wa maƙogwaron Zulai faɗin ko zare ɗaya ba.

Loma ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Ta uku ta daɗe a hanya, Inna ta yaye mayafin muna kallon wuyanta mu biyu, sannan ta wuce. Ta huɗu ta dawo.

Na share mata baki, na ɗauke kwanon, na je na ɗora ruwan koko.